Jirgin Auta Mai Jan Hagu

Na manta abubuwa da yawa a duniya, wasu ma da gangan na manta su. Amma makonni ukun da na yi ina tuƙa jirgin sama a ɗakin ƙanena, bayan mun kai shi makwancinsa, waɗannan ba za su fita daga kaina ba sai ranar da ni ma aka ɗauke ni. Kada ku yi dariya. Ban taɓa shiga jirgin gaske ba, ko ƙofarsa ban taɓa kamawa ba. Ni mai gyaran motopom ne a nan Gure, injin da masu lambu ke jan ruwa da shi a cikin kwari. Aji biyar na yi a lekol, makarantar boko, aka cire ni.

Mu biyu ne muka rayu a cikin ƴaƴan mahaifiyarmu, ni na fari, shi auta. Duk wanda ya tashi a gidajenmu ya san rabon ɗan fari. Uwa ba ta kama sunanka, ba ta jan ka a jiki, ba ta tambayar ko ka ci abinci. Wai kunya. Na kusa shekara hamsin ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In tana nemana sai ta ce "kai wancan", ko ta aiko wani. Shi kuwa "Autana" ne daga safe har dare. Da lambu ya fi ƙarfin babanmu, ni aka cire daga aji aka miƙa wa guga. Shi aka bar shi ya wuce, ya yi lise, wato sakandare, a Damagaram, daga nan sai Yamai. Ban ce laifinsa ne ba. Ban kuma ce na ji daɗi ba.

Tun yana ƙarami ba shi da magana sai ta tuƙin jirgi. Bai samu ba, an ce idonsa ɗaya bai kai ba, ya ƙare a biro, wato ofis, yana buga takardu. Sai ya sayo abin huce haushi: ordinater, wato kwamfuta, da wata baƙar sanda mai faffaɗan gindi da bai wuce tafin hannu biyu ba, wadda yake ce wa manet. Kana riƙe da ita, a gilashin ordinater kuma kana ganin kanka zaune a wurin matuƙi. Ka ja ta baya, hancin jirgi ya ɗaga. Ka tura gaba, ya sunkuya. Ka kwantar da ita dama ko hagu, ya bi. A gindinta akwai wani ɗan hannu da ake turawa a ba inji wuta. Ya kuma zuba wa abin tsoffin hotunan ƙasarmu da aka ɗauka daga sama, har in ka tashi daga ɗan filin jirgin nan na bayan gari kana iya gane hanyar Kelle, da duwatsu, da kowane kwari.

Hawan jini ne ya buge shi, ɓarin jikinsa na dama ya yi nauyi. Aka dawo da shi gida, shi da matarsa da kwalayensa. Wata bakwai ya yi a tsakaninmu. Kullum bayan azahar matar za ta kunna masa abin, ta ɗora hannunsa a kan sandar, Inna ta jawo ƴar kujerarta ta zauna a gefensa, ya kai ta kwarin da aka haife mu. Wannan kwari rairayi ya daɗe da cinye shi, yau in ka je kan goriba biyu kawai za ka gani sun leƙo. Amma a cikin hoton yana nan da ransa, kore shar, da dabinonsa da rijiyarsa. Idon Inna ya yi yana, ba ta gani sosai, amma koren tana gane shi.

Wata rana na shiga ɗakin in duba batirin da fanno, farantin hasken rana, ke cikawa, ya ce da ni, maganar tana ja: "Yaya, zo ka zauna in koya maka. Ya fi motopom sauƙi, ba ya fesa wa mutum baƙin mai a fuska."

Na ce, "Ni na bar wasa tun ranar da aka ba ni guga."

Ya yi dariya da rabin baki. "To in na tafi, wa zai kai Inna?"

"Ta hau jaki."

Abin da na gaya wa mara lafiya ke nan, ban ƙara ba ban rage ba. Kwana goma sha biyu bayan nan ya rasu.

Bayan sadakar arba'in, ina alwala a tsakar gida, sai matarsa ta yi mini magana daga bayan labule, don tana cikin takaba. Ta ce, "Yaya, Inna ta rage cin abinci. Kullum bayan azahar sai ta je ta tsaya a bakin ɗakin can, ta daɗe, ta dawo."

Na ce, "To ni me zan yi?"

"Ka kai ta mana."

"Ita ta ce?"

"Haba Yaya. Ka san ba za ta ce ba."

Na shiga ɗakin da niyyar in nuna musu abin da yaron nan ya yi shekaru yana taƙama da shi ba wani abu ba ne. Ɗakin yana nan da warin man zafin da ake shafa masa. Matar ta tsaya a bakin ƙofa tana gaya mini abin da zan danna. Na tura wa inji wuta, ƙara ta cika ɗaki, jirgi ya fara gudu, na ja sanda baya, ƙasa ta rabu da ni. Ban ƙirga goma ba fiffiken hagu ya yi ƙasa, jirgin ya juya kamar akuyar da aka ɗaure da gajeriyar igiya, na faɗo cikin rairayi. Na sake, na faɗo. Na riƙe sandar tsaye cak a tsakiya, kamar yadda hankali ya ba ni, amma jirgin sai hagu. Kwana uku ina wannan. A rana ta uku na ɗauko turnabis na kwance kusoshi na buɗe gindin manet, na hure rairayin da ke ciki, na duba resor, wato ƙarfen da ke maido da ita tsakiya. Lafiyarsa ƙalau. Shekara talatin ina buɗe injuna, na san lalatacce in na gan shi. Wannan ba abin da ya same ta.

Rana ta huɗu bazara ta yi zafin da ko kaji sun yi shiru. Na tashi, jirgi ya fara jan hagu, na gaji da kokawa da shi, na ce je ka faɗi. Na saki jikina a kujera, kafaɗata ta dama ta sauka, kaina ya kwanta, hannuna ya yi nauyi a kan sandar ya kwantar da ita gefe. Sai jirgin ya miƙe. Fiffike biyu suka daidaita, ƙarar inji ta kwanta, yana tafiya sumul kamar a kan kwalta. Na zabura na zauna daidai, ya koma hagu. Na sake sakin jiki, ya miƙe.

A nan na lura da yadda nake zaune. Gwiwar hannuna ta faɗa daidai inda fentin kujerar ya goge. Yatsuna sun zauna daidai inda robar sandar ta yi santsi. Zaman da nake yi zaman ƙanena ne, na watannin ƙarshe, ba kuskure ko kaɗan. Jirgin nan ba ya tafiya sai da hannun mai shanyewar jiki.

Ban gama tunanin ba na ji jan takalmi a bayana. Ban juya ba. Aka jawo ƴar kujera. Sai na ji muryar Inna, a hankali, irin muryar da ban taɓa jin an yi mini magana da ita ba: "Autana, ka tashi ba ka kira ni ba?"

Ta ɗora hannunta a kaina.

Ban san yadda zan gaya muku ba. Hannu ne busasshe, mara nauyi, mai warin daddawa. Na yi aure, na haifi ƴaƴa, na binne uba, amma ranar ce ta farko da na san nauyin hannun uwata. Bakina ya so ya ce "ni ne", amma ban faɗa ba. Na bar kaina a kwance, muka nufi gabas.

Ba a daɗewa ake isa. Tudun rairayi, tudun rairayi, sai ga kore a cikin rami. Ta matso da fuskarta har hancinta ya kusa taɓa gilashi. Ta ce, "Ga dabinon kakanku. Sauko kaɗan." Na tura sanda gaba. A bakin rijiya akwai wani farin ɗigo, bai fi ƙwayar gero ba. Ta ce, "Ga babanku can, bai gama ban-ruwa ba." Ni dai ɗigo na gani. Yana iya zama buhu, yana iya zama rago. Muka zagaya kwarin sau uku, ta ce mu koma, la'asar ta yi. Daren ranar matar marigayi ta ce Inna ta cinye tuwonta har ta nemi ƙari.

Haka muka ci gaba. Kullum in an yi azahar sai in bar aiki ko ina tsakiyarsa, in shiga ɗakin, in karkace. Ita ta zo ta zauna, hannu a kaina, tana magana. Ba ta jiran amsa, sai dai in ce "uhm". Tana ba da labarin shekarar da fari ya kashe raƙuman kawunmu, da yadda ake kwasar kanwa a da, da matan da suka mutu waɗanda ban ma san su ba. Ina sauraro, rabin zuciyata tana jin daɗi, rabin tana ƙuna. Don na san ba ni ake shafawa ba. Yaron nan ya ci lekol ɗina yana da rai, yanzu ya mutu kuma da kaina ake shafa shi.

A mako na biyu abubuwa suka fara canzawa. In na tashi daga kujerar, kafaɗata ba ta komawa daidai sai bayan magariba. Turnabis ya fara suɓuce mini a wurin aiki. Matata ta dube ni muna cin abinci ta ce, "Maigida, me ya sami bakinka? Miya na zuba ta gefe." Na daka mata tsawa. Wata rana ina ratsa tsakar gida zan shiga ɗakin, matar marigayi ta fito da kwano a hannu, ta hango ni ta baya, ta saki kwanon ta yi salati. Da na juya ta rufe fuska ta ce, "Yi haƙuri Yaya, tafiyar ce." Ban tambaye ta tafiyar wa ba.

Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin. In na shiga, kafin in kunna komai, sandar da ɗumi nake tarar da ita. Na ce zafin bazara ne. Amma tebur ɗin da take kai da sanyinsa, turnabis ɗin da na bari a gefenta ma da sanyinsa. Sannan wata rana muna sama batir ya ƙare, gilashin ya yi baƙi ƙirin, na ga inuwarmu a ciki: tsohuwa, da wani mutum a karkace, baki a saɓule. Na ɗaga hannuna na hagu don in tabbatar ni ne. Na cikin gilashin ya ɗaga, amma wallahi sai na ga kamar ya ɗan jinkirta.

Ranar da abin ya kai ni bango, muna zagaya rijiya, Inna tana shafa kaina, ta ce, "Nan ne aka tsayar da yayanka ranar da aka cire shi daga lekol. Igiya ta fi shi tsawo sau nawa. Yana ja yana kuka, yana waigen bukka ko zan fito. Ina ciki ina jin sa. Ban fito ba." Sannan ta ce, "Da me zan fito? Kakarku tana zaune a bakin ƙofa."

Shekara arba'in ina jiran wannan magana, sai ga shi an faɗe ta, amma ga matacce. Na ƙura wa rijiyar ido don kada in fashe. A nan na ga ɗigon fari ba ɗaya ba ne. Biyu ne, kusa da juna. Ba zan rantse cewa da can ɗaya ne ba, hoto ba ya haihuwa, na sani. Amma kwana ashirin ina kallon wurin nan. Inna dai ta ce mu koma.

Washegari tun da hantsi na shiga ɗakin ni kaɗai. Da ɗan faransancin da na tsira da shi na bi rubuce-rubucen ordinater ɗaya bayan ɗaya, har na kai inda ake yi wa manet reglaj, wato saiti. Wani fili ne mai layi biyu sun gitta juna, da ɗigo ja da ke bin motsin sandar. Na saki sandar ta tsaya tsakiya, ɗigon ya tsaya can hagu. Na kwantar da ita irin kwanciyar hannun ƙanena, ɗigon ya dawo tsakiya. Shi ke nan sirrin. Ba aljani ba ne. Abin yana tambayarka ka nuna masa inda tsakiya take, shi kuma ya nuna masa inda hannunsa ke iya tsayawa.

Matarsa ta ji motsi ta zo bakin ƙofa. Da ta ga abin da ke kan gilashi ta ce, "Shi ya yi wannan da kansa. Sau uku yana sakewa, duk lokacin da hannun ya ƙara nauyi. Na ƙarshen saura kwana biyar ya yi shi." Sai ta rage murya. "Yaya, don Allah ka bar shi haka."

Na ce, "In bar shi ya shanye ni? Abin da ya karkace miƙe shi ake yi. Aikina ke nan."

Na saki sanda a tsakiya, na danna. Na zagaya da ita kusurwa huɗu kamar yadda aka rubuta, na danna. Ɗigo ya zauna daram a inda layuka suka haɗu. Bai ɗauke ni minti biyu ba. Aiki mai tsabta, ko yau ba zan kushe shi ba.

Bayan azahar na zauna a miƙe, ƙirji a gaba, na ba inji wuta. Jirgi ya tashi kamar an ja shi da zare. Ban taɓa jin daɗin tuƙi irin na ranar ba. Na ji jan takalmi. Jan takalmin ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba. Na daɗe ina jira a jawo kujera.

Ta ce, "Kai wancan ne?"

Na juya na dube ta. "Ni ne, Inna. Tun farko ma ni ne."

Ta tsaya kamar mai lissafin wani abu. Sannan ta ce, "To. Sannu da aiki." Ta juya.

Ba ta sake zuwa ba. Ta ci gaba da cin abincinta, ba ta yi fushi ba, ba ta tada maganar ba. Kafaɗata ta koma daidai cikin kwana uku. Na ce wa kaina na yi abin da ya kamata, na raba tsohuwa da ruɗu, na raba kaina da matacce. Na yi wata biyu ina gaya wa kaina haka.

Ranar da matar marigayi ta fita takaba, danginta suka zo daga Kelle su tafi da ita. An ɗora kaya a mota, ta zo ta durƙusa ta yi mini sallama. Har ta miƙe, ta dawo. Ta ce, "Yaya, akwai maganar da in na tafi da ita za ta dame ni. Kai ka ɗauka Inna ba ta san wanda ke zaune a kujerar nan ba?"

Na ce, "Ai da sunansa take kirana."

"A gabanta aka fita da shi, Yaya. Idonta ne ya yi yana, ba hankalinta ba. Mijina sanƙo gare shi, kai kuwa kanka cike da gashi. Tun ranar farko da ta fito daga ɗakin ta same ni a madafa, tana dariya tana share hawaye, ta ce, 'Ashe tabon da bakin rijiya ya yi masa yana nan a ƙeyarsa.' Kullum shi take lalubawa."

Na kai hannu ƙeyata. Tabon yana nan. Ni kaina na manta da shi.

Mota na tashi na shiga ɗakin. Na buɗe wurin reglaj, na karkace, na sauke kafaɗa, na kwantar da sandar yadda nake tunawa, na danna. Na sake har sau biyar ina neman daidai wurin. Da azahar ta yi na ƙure ƙarar inji don a ji har ɗakinta, na kwantar da kai, ina jira kamar maroƙi. Ta zo. Ta tsaya a bakin ƙofa, na ji numfashinta. Na rufe ido.

Ta ce, "Kai wancan, tashi ka zauna daidai. Babba da kai."

Na riga na faɗa da bakina cewa ni ne, ita kuma ta ji. Daga nan babu sauran inda za ta ɓuya ta taɓa ni. Damina biyu ta ƙara a duniya, muna gida ɗaya, ina gaishe ta safe da yamma, tana amsawa tana kallon gefe. Ba ta sake ɗora mini hannu ba.

Har yau ina jin haushin al'adar da ta sa uwa sai ta ari sunan matacce kafin ta shafa kan ɗanta mai rai, kuma ba wanda zai lallashe ni a kan wannan. Amma ba al'ada ce ta danna abin nan ba, ni ne. Tsohuwar ta sami ƴar ƙofarta, ni na toshe, ina ganin gwaninta na yi. Abin da na koya, a makare, shi ne ba duk abin da na tarar a karkace ne ya lalace ba. Wani an karkata shi ne da gangan, don wani ya samu ya jingina. Yanzu ko motopom aka kawo mini na ga an ɗaure wani wuri da waya ta hanyar da ba ta yi mini ba, ba na kwancewa sai na tambayi mai shi dalili. In an ce mini in bar shi haka, ina bari.